Gulutin a gidan Bahaushe: wa ya kamata ya bar alkama, kuma a ina take ɓuya?

Shugabar Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ɗaya ce ta yi ta dawowa a makon nan. Ana tallan gari da biskit, har da sabulu da man shafawa, wai "babu gulutin", ana cewa barin alkama na maganin kumburin ciki da teɓa da ciwon gaɓoɓi. Muna da likitoci da masana abinci da masu girki a nan, don haka a warware mana. Mene ne shi gulutin ɗin, wa ya wajaba ya guje shi, kuma in ya wajaba, yaya ake yi a gida irin namu da ake tuƙa tuwo a tukunya ɗaya? Don Allah banda talla.

Likitan Ciki: Wa alaikumus salam Hajiya. Gulutin furotin ne da ke cikin hatsi uku: alkama, sha'ir, da wani da ake kira rai (rye a Turance), wanda ba ma nomawa a nan. Mai son ganinsa da ido ya kwaɓa fulawa kofi ɗaya da tauri, ya bar ta minti 20, sannan ya riƙa murza ta a cikin ruwa yana sauyawa. Farin sitacin zai tafi, abin da zai rage a hannu mai danƙo kamar cingam, shi ne. Shi ke riƙe iska burodi ya tashi, shi ke sa taliya ba ta tsinkewa.

Mutum uku ne yake damu, kuma ba ciwo ɗaya ba ne. Na farko mai cutar siliyak. Shi in ya ci, garkuwar jikinsa ce ke afka wa ƙaramin hanjinsa. Cikin hanjin yana da wasu 'yan tsirarrai kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci. A siliyak sai su kwanta, bangon ya zama sumul, abinci ya riƙa wucewa jiki bai amfana ba. Daga nan ƙarancin jinin da ba ya jin magani, gudawa mai maiƙo da wari, rama, yaro ya ƙi girma ga ƙaton ciki ga ɗuwawu a shanye, ƙashi ya yi rauni. Wani kuma ba ya gudawa ko kaɗan, kasala da ƙarancin jini kawai. A ƙiyasin duniya kusan mutum 1 cikin 100 ne ke da ita.

Na biyu wanda jikinsa ba ya karɓar alkama irin yadda wasu ba sa karɓar gyaɗa: cikin mintuna zuwa awa biyu sai ɓorin jini, kumburin leɓe, ko numfashi ya sarƙe. Na uku wanda gwaji ya nuna ba shi da waɗannan biyun, amma in ya ci burodi cikinsa ya cika da iska. Da yawa daga cikin irinsu ba gulutin ne ke damunsu ba, wani nau'in sukari ne mai suna furuktan da ke cikin alkama, wanda kuma akwai shi a albasa da tafarnuwa.

Ɗan Kasuwar Kwari: Dakta da girmamawa, amma wannan ai ciwon Turawa ne. Kakanninmu sun ci gurasa da alkaki da funkaso ba a taɓa jin wani siliyak ba. Kuma in ma akwai, alkamar waje ce da ake zuba wa magani. Tamu ta Kadawa da Haɗeja lafiya lau take.

Likitan Ciki: Alhaji, biyun duk ba haka ba ne. Ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu a duniya a Afirka aka same shi, a tsakanin yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, inda binciken da aka wallafa a 1999 ya sami kashi 5.6 cikin 100. A Sudan ma likitoci sun daɗe da sanin cutar. Abin da ke kawo ta gado ne, wasu ƙwayoyin halitta da ake kira DQ2 da DQ8, sai kuma cin alkama. Kakanninmu alkaki da funkaso na biki ne da sallah, abincin kullum gero da dawa ne. Yau yaro zai karya da burodi, rana indomi, dare tuwon semo.

Ita kuma alkamar gida, alkama ce. Ta Kadawa, ta Haɗeja, ta Kanada, duk gulutin ɗaya ne a cikinsu. Hasali ma tun kafin magungunan feshin zamani aka gano alaƙar. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya lura yara masu cutar sun samu sauƙi lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya ɓace, suka koma gidan jiya da aka dawo da shi.

Likitar Yara: Bari in shigo da abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya kafin a shiga maganar girki. Kada kowa ya daina cin alkama kafin a yi masa gwaji. Gwajin jinin, wanda sunansa tTG-IgA, yana neman makaman da jiki ke ƙerawa ne saboda gulutin. In mutum ya yi wata biyu ko uku bai ci ba, makaman sun ragu, sakamako ya fito fes alhali cutar tana nan. Wanda ya riga ya daina sai ya koma ci, fiye da sau ɗaya a rana, misali burodi yanka biyu da safe da taliya da dare, na aƙalla mako 6, sannan a ɗebi jinin. Wahala ce da za a iya kauce mata.

A roƙi a haɗa da awon jimillar IgA, wato rukunin makaman da wancan gwajin ke dubawa, a jini guda, domin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na masu siliyak ba su da isasshen IgA, gwajin farko zai yaudare su. In jini ya nuna, a manya ana zura kyamara ta baki a ɗebo 'yar tsokar hanji a duba. A yara, in adadin ya ninka iyakar lafiya sau 10 kuma gwaji na biyu mai suna EMA ya tabbatar a wani jinin daban, likitan hanjin yara na iya yanke hukunci ba tare da kyamarar ba.

Abu ɗaya da ya shafe mu musamman: a ƙasashenmu hanji na iya yin sumul saboda wasu dalilai, kamar ƙwayar cutar hanji ta giyadiya, gurɓataccen ruwa da tamowa. Don haka hoton hanji shi kaɗai bai isa a hana yaro alkama har ƙarshen rayuwarsa ba, dole jini ya goyi baya. Kuma kafin a kai nan, a duba tsutsar ciki, a duba gyambon ciki, a duba ko madara ce ba ta karɓe shi ba. Su suka fi yawa nesa ba kusa ba.

In an tabbatar wa mutum ɗaya, a gwada iyaye da 'ya'ya da 'yan uwa ciki ɗaya ko da lafiyarsu ƙalau, don kusan 1 cikin 10 daga cikinsu na ɗauke da ita. Haka yara masu ciwon sukarin da ake yi wa allurar insulin.

Uwar Biyu: Anti Dakta, to in an jinkirta ba jariri abin da ke da alkama har ya shekara biyu, zai kare shi?

Likitar Yara: A'a. Manyan bincike biyu da suka fito a 2014 sun gwada sauya lokacin fara ba jariri gulutin, ɗaya da wuri, ɗaya da jinkiri har shekara guda, duk ba su hana cutar ba. In ya kai wata 6 ya fara cin abinci, a shigar da alkama kaɗan-kaɗan kamar sauran abinci.

Masaniyar Abinci: Ga wanda aka tabbatar wa, labari mai daɗi shi ne Bahaushe ya fi Bature sauƙi. Gero, maiwa, dawa, masara, shinkafa, acca, ibiro, tamba, duk babu gulutin. Haka rogo, doya, dankali, makani, wake, gurjiya, waken suya, gyaɗa, riɗi, nama, kifi, ƙwai, nono. Wato tuwon shinkafa, tuwon dawa, fura da nono, koko da ƙosai, alale, dambun masara, faten acca, garau-garau, kwaɗon zogale, nakiya, duk halal ne gare shi ta fuskar lafiya. Danƙon shinkafar tuwo sitaci ne, yauƙin kuɓewa da karkashi ma ba ruwansu da gulutin.

Wanda za a bari a fili yake: burodi, gurasa, funkaso, alkubus, alkaki, dubulan, fanke, cincin, taliya da makaroni da indomi, kuskus na kwali, dashishi, tuwon alkama. A ja layi a ƙarƙashin semo, domin mutane da yawa suna ɗauka wani hatsi ne daban. Tsakin alkama ne.

Inda ake faɗawa rami shi ne abincin da asalinsa babu alkama amma yanzu ana sa masa. Ɗanwake ne kan gaba: na da garin wake ne da rogo ko dawa, na yanzu a gidaje da yawa fulawa ce zalla da kuka. Masu waina da sinasir wasu na ɗan zuba fulawa ƙullu ya haɗe. Kunun gyaɗa ana sa masa dafaffiyar alkama. Garin kunun yara da ake haɗawa da gero da waken suya da gyaɗa, da garin sabaya na mata, sau da yawa akwai alkama a ciki. Kifin da aka barbaɗa wa fulawa kafin suya. Burabusko sai an tambaya da me aka yi shi. Lemon malt da kayan shayi masu malt, in na sha'ir ne bai halatta ba, in na dawa ne zalla babu laifi, kuma sai an karanta gwangwanin kafin a sani.

Ɗan Kasuwar Kwari: To amma ɗan cokali ɗaya na fulawa a cikin bokitin ƙullun waina, shi ne zai kashe mutum? Kar a mai da abin waswasi.

Likitan Ciki: Ba zai kashe shi yau ba, Alhaji, amma mu yi lissafi. An gwada ba masu siliyak miligiram 50 na gulutin kullum na wata uku, aka ga hanjinsu ya fara lalacewa. Abin da ake ganin yawancinsu za su iya ɗauka bai wuce miligiram 10 a rana ba. Ƙaramin cokalin shayi na fulawa giram 3 ne ko ƙasa kaɗan, a cikinsa akwai gulutin wajen miligiram 250. Ita kuwa mai waina ba cokalin shayi take sawa ba, da gwangwani take aunawa. Shi ya sa ƙa'idar Codex, hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin abinci, ta ce ba a rubuta "babu gulutin" a kan abinci sai bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. Amurka da Tarayyar Turai duk a kan wannan adadin suke.

Kuma rashin jin ciwo ba shaida ba ce. Wani zai ci ya kwana lafiya, hanjin na can yana cinyewa a hankali, sai bayan shekaru a ga ƙashi ya yi laushi ko jini ya ƙi hawa.

Mai Injin Niƙa: Ranku ya daɗe, ni nan ne nawa fannin, kuma ina ganin nan ne babbar ɓarakar da ba a kula da ita. Injin unguwa ɗaya ne ke niƙa wa kowa. Wannan ta kawo alkama, mai bi mata ta kawo masara. Faranti biyun da ke murƙushe hatsin suna da tsagogi, gari na maƙalewa a ciki, yana kwanciya a maƙogwaron inji da bututun fita da ƙyallen da ake ɗaurawa a bakinsa. Garin farko da ke fitowa a kowane niƙa rabinsa na wanda ya gabace ka ne. Abin da ake yi in mutum ya nemi tsafta shi ne a fara wuce masara kwano guda a ware ta gefe, sannan a zuba nasa. Wannan na rage yawa, amma ba zan ce ya kai lissafin da Dakta ya kawo ba, sai in an kwance farantan an goge da buroshi, kuma babu mai injin da zai tsayar da layi ya yi haka saboda kwano uku.

Injin markaɗe ya fi sauƙi tunda ana iya wanke shi da ruwa a ga ya fita fari, amma shi ma ana markaɗa alkamar kunu a ciki. A tsaya a kai a ga an wanke.

Masaniyar Abinci: Malam ya faɗi gaskiya, kuma matsalar tun daga kasuwa take farawa. Kwanon awo ɗaya, buhun da aka juye alkama aka zuba dawa, shanya kusa da shanya. Ƙwayar alkama ɗaya nauyinta wajen miligiram 40 ne, gulutin ɗinta miligiram 3 zuwa 4. Ke nan ƙwaya shida a kilo ɗaya na dawa sun kai garin wajen iyakar miligiram 20 ɗin nan. Tsarin da ke aiki shi ne: a sayi hatsi ɗanye ba gari ba, a baza a faifai kaɗan-kaɗan da rana a tsince, a wanke sau uku ana sauya ruwa, a shanya a kan tsabtataccen zani, sannan a niƙa a ƙaramin injin gida da ba ya ganin alkama, ko a daka a turmin da aka keɓe. Gida biyu ko uku masu lalura ɗaya na iya haɗa kuɗi su sayi inji guda. Garin da ake sayarwa a buɗe a kasuwa, musamman na alabo da na shinkafa, ba abin yarda ba ne, don fari ne kuma ba a gane gauraye da ido.

Malamar Girki: In shigo kicin. Ba sai an raba tukwane ba. Tukunyar ƙarfe, faranti, cokali, wuƙa, sabulu da ruwa da soso mai kyau sun isa, gulutin datti ne ba ƙwayar cuta ba, wanki ke cire shi. Amma zafi ba ya kashe shi, tafasa ba ta kashe shi, tsamin ƙullu ma haka. Abin da za a keɓe wa mai lalurar abubuwa ne masu rami ko tsaga: rariyar tankaɗe, matsamin taliya, muciya da ludayin katako, katakon murji. A ɗaura musu jan zare kowa ya gane.

Man suya shi ne na biyu. Man da aka soya fanke ko cincin ba a soya masa ƙosai ko dankali ko awara a ciki, kuma wannan ne ya sa ƙosan bakin titi ke da haɗari, kasko ɗaya ne da fanke. Ruwan da aka dafa taliya ba a dafa masa komai da shi. Shinkafa da taliya da aka dafa tare, tsince taliyar ba ta gyara ta. Robar bota ko zumar da ake tsoma wuƙar burodi, a yi masa tasa. Ranar da za a yi cincin ɗin sallah, a fara gama nasa abincin a rufe, don ƙurar fulawa na yawo ta sauka bayan an gama tankaɗe.

Mafi sauƙi dai a mai da abincin rana da na dare na gidan gaba ɗaya marar alkama, a bar burodi da indomi su zama na gefe. Yaro ba ya jin an ware shi, mai girki ba ta ɗora tukunya biyu.

Ga ɗanwaken asali: garin wake kofi 2, garin alabo kofi 1, kuka babban cokali 2, kanwa kamar girman ƙwayar dabino a jiƙa a tace. A kwaɓa da ruwan kanwar ya yi kauri yadda in an ɗebo da yatsu zai yanku. Sai ruwa ya tafasa sosai a fara sakawa, a bar shi minti 12 zuwa 15, in ya taso a ɗan yayyafa ruwan sanyi kar ya zube. In ya narke a tukunya, ko kuka ta yi kaɗan, ko ƙullin ya yi ruwa, ko an saka kafin tafasa. In ya yi ɗaci da duhu, kanwa ta yi yawa. Waina kuwa ba ta taɓa buƙatar fulawa ba: shinkafar tuwo gwangwani 4 a jiƙa, a dafa rabin gwangwani ta yi luguf a haɗa a markaɗa, yis ƙaramin cokali 2. Dafaffiyar shinkafar ce ke haɗe ƙullun.

Uwar Biyu: Malama, burodi fa? Yara in ba su ga burodi da shayi ba gani suke ba a karya ba.

Mai Gidan Burodi: Hajiya, ana yi, amma a cire rai da irin laushin na kanti. Tunda babu gulutin da zai riƙe iska, sai an kawo madadinsa, kuma wanda ya fi aiki shi ne garin ɓawon isfagula, wanda ake sayarwa a manyan kantuna da kemis don maganin taurin bayan gida. A auna da sikeli, kofi na yaudara a nan: garin farar dawa mai laushi giram 200, garin shinkafa 150, sitacin rogo 150, isfagula 20, yis 7, gishiri 8, sukari 20, mai babban cokali 2, ruwa mai ɗumi mililita 480. A fara zuba isfagular a ruwan, minti 5 za ta zama kamar kamu mai kauri, sannan a juye a garin a juya sosai minti 4. Ƙullin zai fi na fulawa laushi da manne wa hannu, haka ake so, kar a ƙara gari. A zuba a gwangwanin gashi, tashi ɗaya kawai, minti 45 zuwa awa guda, kar a buge shi a sake jira. Wuta digiri 200, minti 55 zuwa 60.

Kurakurai uku ne kullum. In ya tashi ya rufta a tsakiya, an bar shi ya wuce lokacin tashi, a zafin Afrilu minti 30 ma ya isa. In cikinsa ya yi danƙo, ko bai gasu ba ko an yanka da zafi, sai ya huce awa 2. In ya yi tsaki-tsaki a baki, garin shinkafar bai niƙu ba, a sake tankaɗewa. Kwana ɗaya yake yi ya bushe, don haka a yanka a sa a firiza. Kuma kar a kai shi gidan burodi a gasa, can ko iskar ɗakin fulawa ce.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa ga mutanen zaure. Mu a nan kayan kanti da Faransanci suke zuwa, kalmomin da za a nema su ne blé, froment, orge, seigle, malt da semoule. A kayan Najeriya da Gana kuwa wheat, barley, rye, malt, semolina. A duba dunƙulen miya ma, wani kamfanin na sa garin alkama wani ba ya sawa, kuma kamfani ɗaya na iya sauya haɗi, don haka karatun ba na rana ɗaya ba ne. Farin magi shi kansa babu gulutin. Daddawar kalwa babu. Miyar soya ta kwalba da ake sa wa soyayyar shinkafa yawanci da alkama ake yin ta.

'Yar Zangon Kumasi: Mu kuma koko da tuwon zafi da wake da shinkafa duk lafiya, sai dai masu sayar da waken suna ɗora taliya a kai da cokali ɗaya. A ce kar a sa tun farko, kuma a sauya cokali. Wanda zai je Sudan ya sani kisra ta dawa ce amma da yawa suna haɗa ta da fulawa yanzu. Alhazai su kula da harisa da jarish a Saudiyya, alkama ce.

Shugabar Zaure: Saura rabin tambayar. Sabulu, shamfu, man shafawa, kayan kwalliya. Wata ta turo cewa an ce ta zubar da duk na gidanta.

Mai Haɗa Magunguna: Kar ta zubar, Hajiya. Gulutin ƙato ne, ba ya ratsa fata ya kai hanji. Sabulu, shamfu, man shafawa, omo, lalle, turare, ko da an sa musu man alkama, ba su da tasiri ga mai siliyak muddin bai haɗiya ba. Ko masu ƙurajen siliyak, waɗannan masu ruwa da tsananin ƙaiƙayi da ke fitowa a gwiwar hannu da ta ƙafa da ɗuwawu, daga abin da suka ci ne ba daga abin da suka shafa ba. Mai sayar da sabulu "marar gulutin" da ninkin kuɗi, aljihunki yake wankewa.

Abin da ya cancanci dubawa shi ne mai shiga baki: jan baki, man leɓe, man goge baki, su ma abin da ake haɗiya kaɗan ne ƙwarai. Sai man da uwa ke shafawa a hannu ko nono in jaririn ne mai lalurar. Sai yumɓun wasan yara na kanti irin Play-Doh, da fulawa ake yin sa, kuma yara na kai hannu baki. Wanda jikinsa ke ɓori da alkama, wato rukuni na biyun da Dakta ya ambata, shi kam hukuncinsa daban, abin shafawa na iya tayar masa, har da dilka in an sa mata garin alkama.

Magunguna: yawancin ƙwayoyi da sitacin masara ake ɗaure su. Kaɗan ne ke da sitacin alkama, kuma ko su abin da ke ciki bai kai miligiram ɗaya a ƙwaya ba. Kada wani ya ajiye maganin hawan jini ko na farfaɗiya saboda zargi, ya kawo takardar cikin kwalin a duba masa. Inda na fi jin tsoro shi ne garin maganin gargajiya da na ƙarin ƙiba da ake ƙullawa a leda ba rubutu. Sannan mai waɗannan ƙuraje in za a ba shi maganinsu mai suna dafson, dole a fara gwada wani sinadarin jini da ake kira G6PD, domin ƙarancinsa ya yawaita a cikinmu kuma maganin na fasa jinin mai shi.

Mai Injin Niƙa: A ƙara da dusar alkama. Gidajen da ke kiwon kaji da tumaki buhu-buhu suke saye, kuma yara ake aikawa su zuba. Ƙura ce ke tashi ta shiga hanci da baki, ga hannu ba a wankewa. Yaron da ke da lalurar a sauya masa aiki, ko a koma dusar masara.

Ɗan Kasuwar Kwari: Na ji na yarda da na masu ciwo. Amma ni har yanzu ina ganin ko mai lafiya in ya bar alkama ya fi. Duk wanda ya daina burodi sai ka ga tumbi ya sauka.

Masaniyar Abinci: Tumbin na sauka, Alhaji, amma duba abin da ya tafi tare da burodin: bota, shayi mai sukari cokali huɗu, fanke, cincin, biskit, lemon kwalba. Wanda ya maye su da farar shinkafa da teba malmala uku ba abin da zai sauka. Wani bincike a Amurka da ya bi mutane sama da 100,000 fiye da shekara 20, aka wallafa a 2017, bai ga wata kariya daga ciwon zuciya ga marasa siliyak da ke rage gulutin ba, sai ma damuwar cewa suna rasa hatsi mai dusa. Biskit da kek na kanti masu tambarin "babu gulutin" kuwa galibi sitaci ne da sukari da mai.

Akwai kuma asarar da ba a lissafawa. Tun 2002 doka ta wajabta ƙara bitamin A a fulawar Najeriya, ana kuma ƙara sinadarin ƙarfe da wasu bitamin. Wanda ya bar ta dole ya cike gurbin da wake, zogale, hanta, ƙwai, manja, da gero ko dawar da ba a surfe ta tas ba. Kar a dogara da masara kaɗai safe da dare. In mutum na son rage fulawa ya koma acca da gero don sun fi riƙe ciki, madalla, wannan zaɓi ne mai kyau, amma shi ba ya buƙatar keɓe rariya ko tsince ƙwaya shida a faifai.

Masu ciwon sukari kuma da aka ce wa tuwon alkama ne maganinsu, ku auna sukarin awa 2 bayan cin sa ku gani. Girman malmalar ne ke magana.

Uwar Biyu: To bayan an daina, yaushe ake ganin sauƙi? Kuma in yaro ya warke zai iya komawa?

Likitar Yara: Gudawa da kumburi kan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu, cin abinci ya buɗe, fushin yaro ya ragu. Hanjin yara kan gyaru cikin wata 6 zuwa shekara, na manya kan kai shekara 2 ko fiye. Komawa babu, Maman Biyu, in ya koma cutar ta dawo. A watannin farko madarar ruwa na iya ba shi gudawa tunda hanjin da ke narkar da ita bai warke ba, a ba shi kindirmo ko a rage, daga baya a sake gwadawa. A auna jini da sinadarin ƙarfe da bitamin D tun farko a cike abin da ya yi ƙasa, a riƙa auna tsayi da nauyi duk wata uku. A maimaita tTG bayan wata 6, sannan a shekara. In ya ƙi sauka, kafin a zargi wata cuta a bi sawun abincin: wa ke ba shi biskit a islamiyya, me yake ci a gidan kaka, a ina ake niƙa garin tuwon.

Malamar Girki: Gidan kaka da gidan biki su ne jarabawa, don "ɗan kaɗan ba ya komai" a can ake faɗarsa. A tura shi da kular abincinsa, a sa masa nakiya ko gugguru ko kantun riɗi a jaka don kar ya zura ido in ana raba cincin. Wadda ta tambaya a gefe game da kaurin miya da farfesu: sitacin masara babban cokali ɗaya a dama da ruwan sanyi cokali biyu ya isa kofi ɗaya na romo, a zuba a ƙarshe, minti 2 a sauke, in ya daɗe a wuta sakewa yake yi.